Wai da gaske farin ciki zaɓi ne?

Dauda Asawase: Salama 'yan'uwa, barkanmu da asuba. Abin da zan ajiye mana yau gajere ne. Farin ciki zaɓi ne. Ba sai aljihu ya cika ba, ba sai mai gida ya rage kuɗin haya ba, ba sai ciwon baya ya tafi ba. Kana buɗe ido ka yanke shawara cewa yau zan yi murna cikin Ubangiji, tun kafin ka san abin da ranar ta ɗauko. Zabura 118:24 ta ce wannan ita ce ranar da Ubangiji ya yi, mu yi murna mu yi farin ciki a cikinta. Duk wanda ya wuni da fuska a murtuke shi ya zaɓi haka. Wanda ya yarda ya ce amin

Hannatu Tafo: Amin amin 🙏

Bitrus ɗan Jos: Amin ɗan'uwa, Allah ya ƙara shafewa

Lamisi: Yaya Dauda ni dai bazan ce amin ba yau, kayi haƙuri. Ayar ba ni da matsala da ita, layin ka na ƙarshe ne ya tsaya min a wuya. Kowa a nan ya san shagona na cikin waɗanda gobarar kasuwar Adum da ke nan Kumasi a Gana ta cinye a watan Maris 2025. Lokacin da aka bar mu muka matsa kusa ƙasa tana da zafi har ta cikin silifas, dilolin gwanjon da na ci bashi na saro sun koma wani baƙin abu mai danƙo, kwaɗon ƙofa kawai na gane shima ya lanƙwashe, makullin kuma yana cikin jakata lafiya lau ba abin da zai buɗe. Ina tsaye a wurin wata 'yar cocinmu ta dafa ni ta ce Lamisi yi murmushi kar shaiɗan ya ga hawayenki. Toh yanzu kai ma kace ni na zaɓa? Mai ɗaki fa shi ya san inda yake masa yoyo

Dauda Asawase: Ƙanwata ba da ke nake ba, kuma ban ce kar mutum ya ji zafi ba. Amma ki duba Filibiyawa 4:4, ku yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, har ya maimaita. Bulus a ɗaure yake lokacin da ya rubuta wannan. In wanda ke cikin sarƙa zai iya, mu da muke yawo a kasuwar Kejetia da ƙafafunmu fa?

Lamisi: Kullum sai a ɗauko min Bulus. Bulus yana da masu bin shi bashi suna kiran wayarshi ƙarfe shida na safe?

Bitrus ɗan Jos: 😂😂 anti Lamisi kin kashe ni. Amma dai maganar Dauda akwai gaskiya ciki, akwai mutanen da ko ka ba su duniya sai sun samo abin ƙorafi

Fasto Yohanna: Barkanku. Tun ɗazu nake karantawa. Dauda tunda ka buɗe Filibiyawa mu karanta ta duka kar mu tsaya a aya ɗaya. A sura 2 aya 27 Bulus ya ba da labarin Abafaroditas da ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, ya ce Allah ya ji tausayinsa, ya kuma ji tausayin shi Bulus ɗin don kada ya yi baƙin ciki a kan baƙin ciki. Kun ji ko, a kan baƙin ciki. Wato akwai wani baƙin cikin a ƙasa tun farko, kuma bai ɓoye ba, a cikin wasiƙar nan da muke kira wasiƙar murna. Sannan me ya kai Abafaroditas wurinsa? Saƙo ya kai. Mutanen Filibi ne suka haɗa gudummawa suka aika masa kurkuku, ku duba sura 4 daga aya 14 zuwa 18. Mutumin da ya ce ku yi farin ciki kullum yana faɗa ne bayan 'yan'uwa sun tuna da shi da abin hannu. Ina ganin Dauda yana da rabin maganar, Lamisi tana da rabi.

Dauda Asawase: Fasto na yarda amma Ayyukan Manzanni 16 fa, Bulus da Sila da tsakar dare, an yi musu bulala ƙafafu cikin turu suna waƙa. Ranar ba wanda ya kawo musu gudummawa. Zaɓa suka yi

Fasto Yohanna: Gaskiya ne, zaɓa suka yi. Amma su biyu ne. Wani ya ɗauko waƙar wani ya amsa.

Mama Laraba mai koko: Yarana ku bari tsohuwa ta sa baki, jikata ke buga min rubutun ku yi haƙuri da tsawo. Ni ƙarfe uku na dare nake tashi tun ina da ƙarfina har yau da gwiwa ke ƙara. Geron na jiƙa tun jiya an kai inji da citta da kanumfari da barkono, sai tacewa, hannu cikin ruwan sanyi kana matsa ƙullu a kyalle, ga hayaƙin gawayi a ido, ga wake na jiran a buga shi don ƙosai. A wannan lokacin ba kowa, daga ni sai tunani, kuma tunanin dare mugu ne, shi ke kawo maka lissafin kuɗin makaranta da na magani da wanda ya ci bashin koko ya canza hanya. Nan ne nake zaɓen da Dauda ke faɗa. Ba murmushi nake zaɓa ba, wa zai gani a duhu? Waƙa nake ɗauka, wani lokaci bakina na waƙa ido na zubar da ruwa, kafin tukunya ta tafasa sai inji ƙirjina ya ɗan sake. Wata rana ma baya sakewa, sai in ɗauki kayana haka in fita bakin titi. Amma ban taɓa cewa wata ta yi murmushi a kan tokar shagonta ba. Wannan rashin tunani ne, ko wacece ta faɗa

Lamisi: Mama na gode. Abin da nake so inji kenan

Hannatu Tafo: Mama Allah ya ƙara lafiya. Karin Magana 25:20 ma ta faɗa, mai yi wa mai baƙin ciki waƙa kamar wanda ya tuɓe wa mutum riga ne ranar sanyi. Kuma Romawa 12:15 ba murna kaɗai ta ce ba, ta ce a yi kuka da masu kuka. Mu dai mun fi iya ɓangaren farko saboda shi ba ya cin lokaci

Atinga Magazin: Ni fita ne, wato makaniki, ba malamin Littafi ba, bari in faɗa yadda na gane. In batir ya mutu a mota direba zai iya murɗa ki daga safe har dare ba abin da zai ji sai ƙas ƙas. Sai yara sun zo sun tura. Amma ko mutum goma suka tura in direba bai sa giya biyu ya saki kuloci a lokacin da ya dace ba motar bazata tashi ba, gajiyar banza kawai za su yi. Toh Dauda na maganar direba, Lamisi na maganar masu turi. Mu a Suame, unguwar makanikai, kullum muna ganin duka biyun, akwai direban da za ku tura shi har Tafo yana zaune yana ƙorafi bai taɓa giya ba, akwai kuma wanda ke ta fama shi kaɗai mutane na wucewa suna ce masa Allah ya kawo sauƙi

Bitrus ɗan Jos: Masa Atinga yau kai ne mai wa'azi, a ba shi bagadi ran Lahadi

Atinga Magazin: Da baƙin mai a farce? Bari dai

Baba Ishaku: Ku yaran yanzu kuna ganin 2022 ce ƙarshen wahala, lokacin da dala ta kai wajen sidi 15 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamba. E an sha wuya ban musa ba, kuɗin fanshona ya zama abin dariya. Amma ni na ga 1983. Ruwa ya ƙi zuwa, wutar daji ta cinye gonaki har da na koko, ga shi a farkon shekarar Najeriya ta koro 'yan Gana wajen miliyan ɗaya sun dawo gida ba abinci. Mutane na layi su sayi dokunu, tuwon masarar nan, ɗanye tun ba a dafa ba don kar ya ƙare, ka ga babban mutum ƙashin wuyansa a waje. A shekarar ne na haddace Habakuk 3:17 da 18, ko da ɓaure bai yi toho ba, ba 'ya'ya a kurangar inabi, gonaki ba su ba da abinci ba, ba tumaki a garke ba shanu a turke, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Ku lura annabin sai da ya lissafa asarar ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba kafin ya ce duk da haka. Abin da ke damuna da wa'azin yanzu shine ana so a tsallake lissafin. Kace ba ka da lafiya a ce kar ka furta, kace kasuwa ta mutu a ce kana kiran talauci da bakinka. Wannan ba bangaskiya ba ce tsoro ne. Mu a 83 mun ce yunwa muke ji, muka ce duk da haka, muka raba ɗan garin masarar agaji da aka kawo coci da maƙwabta har da Musulmi don yunwa ba ta tambayar addini

Dauda Asawase: Baba da girmanka, amma harshe na da iko fa. In mutum kullum yana cewa na mutu na lalace ai zuciyarsa za ta bi bakinsa. Ni na ga wannan a gidanmu, akwai kawuna da tun ina yaro ban taɓa jin ya ce an gode Allah ba, yau ba mai son zama kusa da shi har 'ya'yansa

Baba Ishaku: Ɗana faɗin gaskiya daban, zama cikin ƙorafi daban. Kawunka ya yi gida a wurin da ya kamata ya wuce ne. A nan ina tare da kai

Rifkatu nas: Dan Allah ku bani dama in shigo ta ɓangaren aikina, yanzu na sauka daga aikin dare. Akwai baƙin cikin da ba zaɓi ba ne ko kaɗan, ciwo ne kamar hawan jini ko suga. In kun ga mutum ya yi makonni baya barci ko kuma barci kawai yake, abinci baya shiga, abin da yake so da duk ya fita ransa, yana cewa shi kaya ne a wuyan mutane ko gara ya tafi, wannan ba ayar safe zaku tura masa kawai ba, ku riƙe hannunsa ku kai shi asibiti. Akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye nan Kumasi, ba sai an je asibitocin ƙwaƙwalwa na Pantang ko Ankaful ba, kuma asibitocin gunduma da yawa suna da nas na wannan fannin. Tun 2012 ƙasar nan ke da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, a 2023 kuma majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, saboda haka ba wanda zai kama ɗan'uwanku don kun kai shi neman taimako. Abin da ke ba ni tsoro da kalmar zaɓi shine mai wannan ciwon in ya ji sai ya ƙara ɗora wa kansa laifi, ya ce ashe ni ne ba ni da bangaskiya, sai ya daina zuwa coci ya kulle kansa a ɗaki. Mata masu jego ma yana kama su sosai mu kuma sai muce ta cika shagwaɓa

Fasto Yohanna: Rifkatu Allah ya yi miki albarka. Ku duba 1 Sarakuna 19. Iliya da ya kira wuta daga sama ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba, ya tashe shi ya ce tashi ka ci, ga waina ga tulun ruwa, ya ci ya koma barci, aka sake tashinsa ya ci. Maganar ta zo daga baya. Kuma Zabura 88 tana nan cikin Littafi, daga farko har ƙarshe kuka ne ba inda ta juya ta zama yabo, ba a cire ta ba.

Awuni: Ni tun ɗazu ina shiru ne. Tsohuwata tana Bawku a arewacin Gana, kun san halin rikicin da ake ciki, dokar hana fita yau a sassauta gobe a tsananta, in waya ta yi ƙara da dare gabana sai ya faɗi. Ko da aka fara zaman sulhu a fadar Manhyia wurin Otumfuo, Sarkin Asante, mun sa rai muna addu'a har yanzu. Abin da na lura da kaina shine in na farka na fara da waya, bidiyon nan da ake turawa, muryoyin nan na wane ya ce wane ya ce, kafin in wanke fuska raina ya riga ya ɓaci kuma sai in sauke shi a kan madam da yara da fasinjojin da ba su ji ba su gani ba. Yanzu wayar tana kwana a cikin durowa. In na tashi sai na karanta Makoki 3:22 da 23, jinƙansa sabo ne kowace safiya, in kira tsohuwa inji muryarta, sannan in buɗe sauran. Ban iya zaɓar abin da zai faru a gida ba amma na iya zaɓar abin da zai fara shiga kunnena. Iyakar zaɓin da nake da shi kenan kuma yana aiki dai gwargwado

Fasto Yohanna: Kuma wannan ayar a kan kufai aka rubuta ta, bayan Babila ta rushe Urushalima wajen 586 kafin haihuwar Almasihu. Ba mai jin daɗi ne ya rubuta ba.

Dauda Asawase: Toh ai Awuni ya faɗi abin da nake faɗa tun safe! Zaɓi ne. Durowa ko waya

Lamisi: A'a yaya, shi ya ce ya zaɓi abin da zai yi, kai ka ce mutum ya zaɓi abin da zai ji. Ba ɗaya ba ne. Nima ai ina tashi ina wanka ina fita, ina addu'a ko ba daɗi. Kuma in gaya muku gaskiya ranar da na fara dariya bayan gobarar ba a wurin addu'ar dare ba ne. Hajiyar da muke haya gida ɗaya a Aboabo ce ta kira ni ta ce 'yata zaman ɗaki ba naki ba ne, ta matsar da kayan tebur ɗinta ta ba ni gefe ta ba ni atamfa 'yan kaɗan in sayar in kawo uwar kuɗi. Cinikin farko wata mata ta yi ta ja da ni kan sidi biyar har na ji kaina ina rantsuwa ina dariya kaman da. Sai da na dawo gida na tuna ashe yau na yi dariya

Bitrus ɗan Jos: Irin wannan ne ke burge ni da zangon Gana wallahi. Na tuna 2019 da Babban Limamin ƙasa Sheikh Sharubutu ya je cocin Christ the King a Accra lokacin Ista yana cika shekara 100, na tura hoton gida wasu suka ce haɗawa aka yi da kwamfuta

Hannatu Tafo: Allah ya saka wa Hajiya. Amma abin kunya ne a gare mu fa, ina zumuntar mata take lokacin? Mun je mun yi addu'a mun sha minaral mun tafi

Mama Laraba mai koko: Hannatu kar ki tono wannan yanzu sai mu kwana a nan 😅 amma gaskiya kika faɗa

Fasto Yohanna: A tono shi Mama, lokacinsa ne. Ayar da muke so mu liƙa a bayan trotro, motar haya, farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku, Nehemiya 8:10 ce. Ku buɗe ku ga farkonta. Ezra ya karanta Shari'a a dandalin Ƙofar Ruwa jama'a suka fashe da kuka, sai aka ce musu ku tafi ku ci mai maiƙo ku sha mai zaƙi, ku aika wa wanda bai shirya komai ba rabonsa. Umarni ɗaya ne, ci da aikawa da murna duk a aya guda. Mun yanke wutsiyar mun bar sauran. Dauda ka ci gaba da turo mana ayar safe ina jin daɗinta, amma ina so kowa a nan ya duba wa ya daina gani a sujada kwana biyu.

Atinga Magazin: Yaron nan mai buga ganga ban gan shi ba tun kafin Ista. Ance masansa, wato ogansa a wurin aiki, ya kore shi

Rifkatu nas: Akwai kuma 'yan matan nan masu dakon kaya da ke kwana wajen Race Course, biyu suna zuwa cocinmu da, ɗaya tana da ciki. Ba ta da katin inshorar lafiya, in za a haɗa ni zan raka ta awo ranar da nake hutu, masu ciki ba sa biyan kuɗin rajista sai dai na mota da abinci

Dauda Asawase: Ni zan nemo mai ganga, na san unguwarsu a Moshie Zongo. Amma fa ku sani gobe da asuba zan sake turowa kuma zan sake cewa zaɓi ne, ban janye ba

Lamisi: Turo abinka yaya, layin ƙarshen kawai zaka cire

Dauda Asawase: Za mu gani

Hannatu Tafo: Toh masu haɗawa ku turo ta momo, wato kuɗin waya, zuwa Juma'a, zan rubuta sunaye da abin da kowa ya bayar a nan kar a zo ana ƙananan maganganu irin na kuɗin Kirsimeti. Mama koko da ƙosai na mutum nawa za ki iya ran Asabar?

Mama Laraba mai koko: Ku dai kawo gero mudu uku da mai, wake ina da shi. Atinga kai za ka ɗauki tukunyar, kuma ba da wannan akwalar taka da sai an tura ba